Wutar da Aka Rufe da Yashi

Da sunan Allah Mai kunna rana da safe, Mai kashe ta da maraice ba tare da ta ƙona sararin da ta bi ba. Ku gyara zama, ya ku jama'a. Wanda ke kusa da murhu ya ɗan ja baya, mai babbar riga ya tattare hannunta. Sunana Nomau, maɗinkin tanti, mutumin Rumfa-Dubu, kuma labarin nan ba ji na yi ba, a kaina ya faru. In kun ji muryata ta tashi a wani wuri ku yi haƙuri da ni, har yau abin bai gama huce mini ba.

Rumfa-Dubu birni ne da ba a taɓa aza tubali a cikinsa ba. Ƙasarsa motsi take yi, duk ginin da aka tayar sai ta kayar da shi, saboda haka tun kakanni a tantuna muke zaune, mai mulki da talaka. Duk shekara kuwa in rani ya tsaya sai gobara ta lashe unguwa guda. Ina ɗinkawa, wuta tana cinyewa. Masu baƙin baki suna cewa ai kasuwata ce ke buɗewa. Ni kuwa na gaji da ɗinka wa mutum sabon tanti yana zaune a gabana yana kukan wanda ya rasa a cikin tsohon.

Wata rana wani falke ya sauka a zangonmu. Da ya gama cin abinci sai ya goge hannu da wani farin ƙyalle, ya wurga shi cikin wuta. Na yi wuf zan ciro, ya riƙe ni yana dariya. Can ya sa sanda ya jawo shi, sai ga ƙyalle fari fat, maiƙon ya ƙone, shi ko zare ɗaya bai taɓu ba. Ya ce da audugar dutse aka saƙa shi, wannan farin gashin da ke fitowa a jikin duwatsu. Tabɗi! Ai tsaunin bayan garinmu cike yake da shi, sai dai da an taɓa yake marmashewa. Ya ce mutum ɗaya ce ta san yadda ake kaɗa shi ya zama zare, wata tsohuwa mai suna Inna Gwamma, shugabar wasu makiyaya da ake kira Tokawa, can bayan Tekun Gamba. Tun a wurin na ƙudura sai na koyo wannan kaɗi na kawo gida.

Ban tafi ni kaɗai ba. Akwai Barmo. Uwarsa ta rasu yana jariri, uwata ta haɗa mu ta shayar, nono ɗaya muka sha. Da 'yan watanni ya girme ni, amma tun muna yara ya kafe sai na ce masa Yaya, in na ƙi ya murɗe mini kunne. Mutum ne mai fara'a da zaƙin baki, in ya shiga taro kafin ya fita kowa ya zama abokinsa. Aikin da zai sa shi gumi ne kawai ba sa shiri. Da ya ji zan tafi ya ce, "Kai da ba ka iya tambayar hanya ba? Ai sai ka ɓace tun a bayan gari. Ɗauko mini takalmina." Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Muka yi ta tafiya har ƙasa ta daina motsi, muka ratsa kwarin da duwatsunsa ke gumi da rana, muka iso Tekun Gamba. Ciyawa ce busasshiya, ta fi mai raƙumi tsawo, ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Da hantsi muka sami ɗan fili muka hura wuta za mu gasa zabuwa. Muna zaune a gabanta, idonmu biyu, sai wata jar shirwa ta faɗo daga sama ta suri bakin wuta da ƙafafunta ta tashi. Kafin mu rufe baki wata ta sake sura. Ashe haka suke farauta a can: su ɗauki wuta su yar cikin ciyawa, ƙananan dabbobi su fito a guje, su bi su suna tsinta.

Nan da nan gabas ta yi ja, iska kuma tana turo wutar wajenmu. Barmo ya ce mu ruga. Na ce, "Ina! Yaya, ko doki ba zai tsere mata ba." Na ɗauki ragowar bakin wuta na cinna wa ciyawar da ke yamma da mu. Iska ta kore ta gaba, ta bar mana baƙin fili mai zafi. Muka shiga tsakiyarsa, muka jiƙa bargo da ruwan salka, muka kwanta rub da ciki. Babbar wutar ta iso bakin filin, ta rasa abin ci, ta rabu biyu ta wuce mu tana ruri. Mun tsira, amma garin shiga na taka kututture mai ci, tafin ƙafata ya saluɓe.

Barmo ne ya goya ni. Wallahi shi ne. Mutumin da ba ya son ɗaukar tulu ya ɗora ni a bayansa yini guda cikin toka mai zafi, yana nishi yana zagina, yana cewa tuwon uwarmu duk a cikina ya tafi. Ina faɗin wannan don kada wani ya ce na ɓoye alherinsa.

Hayaƙin ne ya jawo mana Tokawa. Suka kai mu zangonsu gaban Inna Gwamma, 'yar ƙaramar tsohuwa, busasshiya, da mazari a hannu ba ta ajiye shi ko tana magana. Ta sa aka yi wa ƙafata magani, sannan ta saurari buƙatarmu. Ta ce, "Na tsufa, hannuna ya fara rawa. Baƙo ɗaya zan iya koya wa, ba biyu ba. Ku bi ayarinmu har mu ƙetare gamba, in ga yadda kowannenku yake zama da wuta. Wanda wutarsa ta taɓa cin tantin wani, ba na nuna masa ko yadda ake riƙe mazari."

Barmo ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ni rakiya na yo. Nomau ne mai ɗinki." Ta dube shi ta ce za a gani.

Tokawa kansu a tantunan gashin awaki suke kwana, waɗanda ake shafe su da kitse saboda ruwan sama, don tsaunin da suke samo audugar dutse yana da nisa. Tanti ɗaya tak suke da shi na farin ƙyallen, ƙarami, an ajiye shi don almajirin kaɗi. Shi ya sa ban taɓa ganin mutanen da ke tsoron wuta kamarsu ba. Inna Gwamma da kanta ta kai mu bayan zango ta nuna mana. Ta tsaya a turken ƙarshe na igiyar tanti ta wurga sandarta, inda ta faɗi ta ce nan ne mafi kusa da za a kafa murhu. Iskar ƙasar daga gabas take busowa da safe, rana na karkatawa ta juyo daga yamma, don haka kudu ko arewa da tantuna ake hura wuta. Ta sa muka kankare ciyawa har muka tarar da jar ƙasa, muka kewaye da duwatsu, muka ajiye salka cike a gefe. Harshen wuta kada ya wuce gwiwa, kuma ba a ba ta baya ko na ɗan lokaci, saboda shirwa.

"In kun gama," in ji ta, "ku zuba ruwa, ku motsa da sanda, ku sake zubawa. Sannan wanda ya ƙyasta ya tura hannunsa cikin tokar har wuyan hannu, ya zo ya nuna mini. Kada in ga an rufe wuta da yashi. Yashi ɓoye ta kawai yake yi, tana nan a ƙasa da ranta har gobe."

Na ce, "Inna, in uzuri ya taso wa wanda ya ƙyasta fa?"

Ta ce ɗan'uwansa na jini ko na nono yana iya cewa "na karɓa", shi ke nan wutar ta koma wuyansa. Na tambaya ko ana kiran shaida. Ta yi mini wani kallo, ta ce shaidar me? Tun da aka halicci Tokawa ba a taɓa samun wanda ya ce ya karɓa sannan ya musa ba.

Muka ci gaba da bin ayari. Ni na riƙe dokokin nan kamar raina, kullum hannuna fari da toka. Barmo kuwa sai na lura ya fara yawan zama kusa da Inna Gwamma, yana ba ta dariya, yana tambayar nawa attajirai za su iya bayarwa a kan irin farin tantin nan. Ban kawo komai a raina ba. Cewa na yi halinsa ne.

Ranar da abin ya faru mun sauka nesa kaɗan da wata rijiya. Da safe na ƙyasta wuta arewa da zango na dama mana kunu. Muna cikin sha sai aka yi kururuwa, raƙumar Inna Gwamma ta faɗa cikin taɓo a bakin rijiya, ana neman mai igiyoyi masu ƙarfi. Ni ne mai su. Na miƙe, na dubi wutar, na dubi salka, ruwan ciki bai fi kurɓi biyu ba.

Barmo ya ce, "Je ka, ɗan'uwa, na karɓa."

Na ce, "Yaya, sai ka je rijiya ka ciko salka fa."

Ya ce, "Haba Nomau, yaro ka mayar da ni? Na ce na karɓa."

Na tafi da gudu ina ɗingishi. Muka yi ta fama da raƙuma har rana ta karkata, muka fito da ita da kyar. Ina cikin naɗe igiya na ji iska ta juyo ta bugi ɗaya kuncina, sai kuma ihun mata daga zango. Kafin mu isa tantin ƙarshe na arewa ya kama. Na wata mata ne mai suna Tasalla, mijinta ya rasu bara, ita da jaririyarta. Ta shiga cikin hayaƙi ta fito da yarinyar, gashin kanta yana ci, amma hatsinta da shimfiɗarta da duk abin da mijin ya bari sun tafi. Maza suka sassare igiyoyin tantunan maƙwabta suka janye su, shi ya hana zangon duka tafiya.

Aka bi sawun ƙuna. Daga tantin ya bi igiya mai kitse zuwa turke, daga turke ya bi ciyawa, ya miƙe har murhuna. Ga tudun yashi a kai, har da sawun gefen takalmin da ya tura shi. Iska ta kwashe rabin yashin, garwashi yana nan ja wur a ƙasa.

Inna Gwamma ta tara jama'a ta ce wanda ya ƙyasta ya fito. Na fito. Ta ce in nuna hannu. Na nuna, taɓo ne har gwiwar hannu, babu toka. Na ce, "Inna, ni na ƙyasta, amma Yaya Barmo ya karɓa." Hankalina kwance na faɗa, wallahi, har ina tunanin yadda zan roƙa masa sassauci.

Ta juya ta ce, "Barmo, ka karɓa?"

Ya ɗago hannuwansa tas, ya dubi Tasalla da ke zaune tana jijjiga yarinya, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ni ban ce ba, ranki ya daɗe."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Yaya, da safen nan fa. Har na ce ka ciko salka."

Ya ce, "Ka dai ce za ka dawo ka kashe."

Wayyo! Ɗan'uwana ya musa. Tokawa suka yi ta kallon juna, don ba su da hanyar raba gardama tsakanin 'yan'uwa biyu a kan wannan kalma, ba su taɓa buƙatarta ba. Inna Gwamma ta sake tambayarsa a hankali, ya sake musawa, wannan karon har da ɗaga kai. Ta daɗe tana juya mazari. Sannan ta ce tun da babu wanda ya amsa ya karɓa, wuta tana wuyan wanda ya ƙyasta. Aka karɓe ƙyastuna. Aka yanke cewa ba zan hura wuta ba, ba zan zauna kusa da ta kowa ba, ba mai ba ni dafaffe. In bi ayari daga nesa har bakin gamba, daga nan in kama gabana. Barmo kuma ya zama almajirin kaɗi.

Kafin in juya tsohuwar ta ce, "Nomau, doka da baki take aiki. Duk ranar da wani baki ya faɗi wani abu daban a gaban jama'a, mazarina yana nan." Tasalla kuwa ta tofar da yawu a gabana, ban ga laifinta ba.

Da la'asar Barmo ya lallaɓo ya same ni bayan zango, yana waige-waige. Ya ce, "Ɗan'uwa, ka saurare ni. Rijiyar ce da nisa, na ce in rufe wutar da yashi kafin in dawo, sai hira ta ɗauke ni. Da na ga matar nan da gashinta a ƙone tsoro ya kama ni, bakina ya riga ni."

Na ce, "To ga su can ba su watse ba. Je ka faɗa."

Ya ce, "Yanzu kuma? Ai sai su ce ga mai ƙona tanti ga maƙaryaci. Ka duba, ko ni ko kai, ai gida ɗaya za a kai sana'ar. In na iya sai in koya maka."

Na ce, "Allah ya isa, Barmo. Tashi ka ba ni wuri tun ban yi abin da uwarmu za ta yi kuka ba." Ya tafi sumui-sumui. Ni kuwa na zauna na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ba kaɗin na fi yi wa kuka ba a ranar, shi na yi wa.

Zaman rashin wuta ba a ba da labarinsa a ƙoshe. Na ci ɗanyen gero har haƙorana suka yi tsami. Yaran Tokawa suna hango ni suna kiran "Nomau ci-ɗanye". Daga baya na gano wasu baƙaƙen duwatsu masu faɗi da ke shan rana har su yi zafin kasko, ina fasa ƙwan zabi a kansu da tsakar rana, ina shanya yankan nama. Da sanyi ya fara shigowa na sami mafaka wurin manyan kunkurun ƙasar, waɗanda kowanne ya kai girman rumbu. Bayansu yana riƙe zafin rana, in na jingina da ɗaya sai in yi barci. Wata safiya na farka na tarar wanda na jingina da shi ya yi tafiyarsa da ni a maƙale, ayari ya ɓace mini. Na hau can ƙololuwar bayansa na miƙe tsaye, sai na hango ƙurar raƙuma ta saman ciyawa, na diro na bi. Kullum daga nesa ina ganin farin tantin nan ƙarami a tsakiyar baƙaƙe, na kuma san wanda ke ciki.

Muna gab da fita daga gamba aka yi ruwa mai ƙanƙara, gari ya waye da sanyin da ke shiga ƙashi. Ina ƙudundune a gindin kunkuru da hantsi sai na ga mace tana tahowa da gudu, kanta ɗaure da tsumma. Tasalla ce. Ta tsaya nesa, ba ta ko dubi fuskata ba, ta ce, "Inna ta ce ka zo. Ɗan'uwanka bai fito ba tun safe, ya ɗaure ƙofa ta ciki, ana kira ba ya amsawa."

Na ce, "Ku buɗe mana. Ni me ya shafe ni?"

Ta ce, "A wurinmu ba mai buɗe tantin da mai shi ya ɗaure sai ɗan'uwansa. Kai kaɗai gare shi."

Gaskiya zan faɗa muku, ban tashi nan take ba. Raina ya ce mini zauna, bar shi ya ji da kansa. Na ji daɗin wannan tunani, har na ƙara jan bargo. Sai dai ƙafafuna ba su bi raina ba, na ga kaina ina gudu a bayan Tasalla.

Na tarar da jama'a sun kewaye farin tanti sun rasa yadda za su yi. Na karɓi wuƙa na yanke ɗaurin ƙofa na kutsa. Babu harshen wuta, babu ko hayaƙin kirki, amma ina shaƙar iskar ciki kaina ya sara, idona ya fara juyawa. Ga kasko cike da gawayi yana ci a hankali kusa da shimfiɗa, an toshe duk wata kafa da tsumma. Barmo yana kwance, leɓɓansa sun yi wani irin ja, jikinsa laƙwas. Ya ga tanti ba ya ƙonewa, ya ɗauka an gama da sharrin wuta. Na riƙe numfashi, na kama ƙafafunsa na jawo shi waje cikin iska, wani ya shiga da sauri ya fitar da kaskon. Na kwance masa wuyan riga, ina jijjiga shi ina kiran sunansa, ina zaginsa kamar yadda ya zage ni ranar da ya goya ni. Can ya ja wani dogon numfashi, ya yi amai, ya buɗe ido.

Inna Gwamma ta tsaya a kansa tana faɗa. "Ban gaya maka ba? Ƙyallen nan wuta ba ta cin sa, iska ma ba ta ratsa shi. Ko a tantin gashi ba a kwana da gawayi, balle wannan. Sakarai kawai!" Amma tun da ba tantin da ya ƙone, doka ba ta hau kansa ba.

Da mutane suka ja baya ya kama hannuna ya riƙe gam, hawaye na bin kuncinsa. Ya ce, "Nomau, kai ne? Bayan abin da na yi maka?"

Na ce, "Ni ne. Sake mini hannu."

Ya ce, "Wallahi yau zan faɗa. A tara mutane da la'asar, zan faɗi kome da bakina. Na ga mutuwa, ɗan'uwa, ba zan koma wa Allah da wannan ba."

Na yarda da shi. Ku yi mini dariya in kun ga dama. Na je rafi na wanke jikina, na wanke rigata na shanya, har na tsinci kaina ina murza yatsu kamar mai juya mazari. Na shirya abin da zan ce in ya gama, cewa na yafe, kuma a bar shi ya zauna tare da ni ko da riƙe mini auduga ne.

La'asar ta yi, aka taru. An ba ni izinin shiga da'ira, karo na farko tun ranar gobara. Barmo ya miƙe yana dogara sanda, ya yi gyaran murya. Ya fara da yadda uwata ta shayar da shi. Ya faɗi yadda na cece mu daga wutar gamba, ya faɗi yadda na shiga tantin mutuwa na jawo shi. Bakin nan nasa mai zaƙi, har mata suna share hawaye. Ya ce, "Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana cin raina game da ɗan'uwana." Na sunkuyar da kai don kada in ƙara masa kunya.

Ya ce, "Na bar shi cikin yunwa da sanyi ban taimake shi ba. Kowa yana kuskure. Ina roƙon ku ku yafe masa abin da ya faru, kamar yadda ni ban taɓa riƙe shi da shi ba. Ga raƙumin da Inna ta ba ni, na ba shi, ga bargona, ya hau ya isa gida lafiya."

Wuri ya ɗauki guɗa. Maza suna cewa madalla da ɗan'uwa, wani tsoho har ya rungume shi. Ni ina tsaye ina kallonsu. Inna Gwamma ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye mazarinta a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta jira hayaniya ta lafa.

Ta ce, "Barmo, akwai saura?"

Ya dubi mutanen da ke yi masa murmushi, ya dubi Tasalla, bai dube ni ba. Ya ce, "Babu, Inna. Shi ke nan."

Ta ɗauki mazarinta. Ta ce gobe za a kai bakin gamba, baƙon da aka hana wuta zai kama hanyarsa, a mayar masa da ƙyastunsa a can. Muryarta ta yi sanyi, amma ba ta ƙara ko kalma ba, don doka ba ta ba ta abin ƙarawa ba.

Barmo ya jawo raƙumin da kansa har gabana, jama'a suna kallo, ya miƙo mini igiya. Na so in watsa masa ita a fuska. Na so in yi ihu har shirwa su tashi daga ciyawa. Amma hanyar Rumfa-Dubu da nisa, yunwa ta gama cin ƙarfina, in na tafi a ƙasa ba zan kai ba. Na miƙa hannu na karɓa, aka sake rangaɗa guɗa.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona ni, ya ku jama'a, har yau da nake zaune a gabanku da furfura. Tun kafin ya miƙe tsaye ya san zan karɓa.